Sun zagi namu shekara da shekaru, yanzu nasu ya hau, ya halatta mu rama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Tun da aka samu canjin shugabanci ɗinnan muke fama a Facebook da wani guruf namu na WhatsApp. Lokacin da wanda nake goyon baya yake kan mulki ba irin zagin da ba a yi masa ba, har iyayensa ba a bari ba, muna ji muna gani. Yanzu nasu ya hau kuma ga tsadar rayuwa ga alƙawuran da ba a cika ba, da mun yi magana sai su ce haramun ne sukar shugaba, a yi masa addu'a kawai. Ni kuma gaskiya ina ramawa, ina saka hotonsa da aka yi wa editin, wani lokacin har ashar. Malam ina da laifi? Kuma da gaske ne ba a sukar shugaba a fili?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan uwa Allah ya saka da alheri da ka tambaya, don da yawa suna cikin abin nan tsundum amma ko a jikinsu. Tambayarka ta haɗa abu biyu da mutane suke cakuɗawa, suka daban zagi daban, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Bari in fara da wanda ya fi sauƙi. Zagi haramun ne, ko shugaba ko talaka, ko wanda ya sauka ko wanda ya hau. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya ce zagin musulmi fasiƙanci ne, yaƙarsa kuma kafirci ne. Ba a ce sai dai in ɗan wata jam'iyya ne ba. Hoton da ka ce kana sakawa, wanda ake ɗora kan mutum a jikin dabba ko a karkata masa baki ana dariya a kwament, wannan shi ne izgilin da Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana, a nan kuma aka hana jifan juna da munanan laƙabi. Idan ma wanda ake magana a kai ba musulmi ba ne to ƙarya da ƙazafi da alfasha ba su zama halal a kansa ba, Allah ya ce wa Annabi Musa da Haruna su je wa Fir'auna da magana mai taushi (Ɗaha 44), kuma ba wanda ke kan kujera yau da ya kai Fir'auna ɓarna, kai ma ba ka kai Musa daraja ba.

Toh maganar ramuwa, nan ne nake so ka natsu sosai domin nan shaiɗan ya fi shiga. Eh shari'a ta yarda wanda aka zalunta ya rama, Suratun Nisa'i aya ta 148 ta faɗa, kuma Muslim ya ruwaito cewa mutum biyu masu zagin juna laifin abin da suka faɗa yana kan wanda ya fara matuƙar wanda aka zalunta bai wuce iyaka ba. Amma duba da kyau wa ya zage ka? Wani ne a guruf ya zagi ɗan takararka, kai kuma ka tsallake shi ka je ka zagi wani mutum na uku da bai ma san da zamanka ba, wannan ba ramuwa ba ce, sabon zalunci ne ka buɗe da sunanka. Kuma ko wanda ya zage ka kai tsaye malamai sun ce za ka iya mayar masa da kwatankwacin abin da ya faɗa ne kawai, banda ƙarya, banda taɓa iyaye, banda ƙazafi. Wanda ya rubuta wa wani "shege" ko "ɗan zina" yana nufin ma'anarta ya jefi uwar mutumin ne, kuma haddin ƙazafi bulala 80 ne a Suratun Nur aya ta 4. Akwai hadisin Abdullahi ɗan Amr da wallahi duk lokacin da na leƙa kwament yake faɗo min a rai, Annabi (SAW) ya ce yana daga manyan zunubai mutum ya zagi iyayensa, sahabbai suka yi mamaki suka ce ta yaya, ya ce zai zagi uban wani shi kuma ya zagi ubansa, ya zagi uwar wani a zagi uwarsa. Ka yi tunanin mahaifiyarka tana kwance tana barci ko ma tana kabari, ƙarfe ɗayan dare kai kana riƙe da waya kana jawo mata ashar daga bakin yaron da ba ka taɓa gani ba, saboda 'yan siyasa biyu da in sun haɗu gaisawa suke su rungume juna.

Yanzu ga sukar shugaba. Waɗanda suka ce maka haramun ne gaba ɗaya ba su yi daidai ba. Ranar da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a a shekara ta 11 bayan hijira ya tashi ya ce an ɗora ni a kanku alhali ba ni ne mafificinku ba, in na kyautata ku taimake ni, in na munana ku miƙar da ni. Addini nasiha ne har ga shugabannin musulmi kamar yadda ya zo a hadisin Tamimud Dari a Muslim, kuma mafificin jihadi shi ne kalmar gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Inda malamai suka yi saɓani shi ne a ɓoye ko a fili. Masu cewa a ɓoye suna kafa hujja da Usama ɗan Zaid da aka ce masa me ya hana ka yi wa Halifa Usman magana, ya nuna ya yi masa tsakaninsa da shi don ba ya son ya buɗe ƙofar fitina. Masu cewa a fili ma ya halatta suna kawo abin da ya faru da Marwan, gwamnan Madina, ranar idi da ya gabatar da huɗuba kafin sallah, wani mutum ya tashi cikin jama'a ya yi masa inkari, Abu Sa'idul Khudri ya ce wannan kam ya sauke nauyin da ke kansa, sannan ya karanto hadisin wanda ya ga abin ƙi ya canza shi. Abin da na fahimta kuma nake ba da fatawa da shi, wanda yake da hanyar ganin shugaba ya fara da sirri shi ya fi, amma aikin gwamnati da aka yi a fili ya shafi kowa, kamar tsarin haraji ko kasafin kuɗi ko rashin tsaro, ba laifi talaka ya ce wannan kuskure ne ga dalilina, musamman a tsarin da shi kansa shugaban ya hau ta ƙuri'a ya yi rantsuwa a kan cewa jama'a na da haƙƙin tambayarsa. Sharaɗi dai ka tabbatar da abin da kake faɗa, ka tsaya kan aikin ka bar jikinsa da iyalinsa da ƙabilarsa, kuma kada maganarka ta zama ingiza mutane su zubar da jini ko su ƙona dukiya.

Sharaɗin tabbatarwa shi ya fi kayar da mutane. Ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, haka hadisin ya zo a Muslim, toh danna "share" ai faɗa ne. Sikirinshot da ba ka san asalinsa ba, bidiyon da aka yanko daƙiƙa goma daga jawabi mai tsawo, muryar da yanzu kwamfuta ke iya kwaikwaya, ka tura wa mutum ɗari biyu, gobe ta bayyana ƙarya ce kai kuma ka yi shiru ba ka koma ka gyara ba. Hujurat aya ta 6 cewa ta yi ku bincika.

Abin da ya fi damuna a tambayarka kuwa, kuma ba kai kaɗai ba har abokan faɗan naka, shi ne ma'auni ya zama biyu. Jiya su ke zagi ku kuna karanto musu ayar biyayya ga shugabanni, yau an juya, ku ke zagi su suna karanto muku ita. Ayar ba ta canza ba ranar rantsarwa. Wanda sai nasa na sama yake tuna hadisin ɗa'a, sai nasa ya faɗi yake tuna hadisin kalmar gaskiya, wannan son zuciyarsa yake bi yana neman nassi ya rufa masa asiri, kuma Allah ya ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci (Ma'ida 8). Ka gwada kanka da wannan, abin da kake suka yau in da naka ne ya yi shi za ka soke shi? In sabon ya yi abin kirki za ka iya rubuta cewa wannan kam ya yi daidai? Wanda kuma ake biya yana sojan baka, a ba shi kuɗin data ya ɓata wanda bai masa komai ba ko ya wanke abin da ya san ƙarya ne, kuɗin nan haramun ne.

Game da abin da ya wuce, ka tuba, ka koma shafinka ka goge hotunan da ashar ɗin don muddin suna nan ana gani ana turawa rubutun zunubin bai tsaya ba. Labarin ƙarya da ka yaɗa ka fito a wurin da ka yaɗa shi ka ce ba gaskiya ba ne. Waɗanda kuka yi zage-zage da su a guruf ka nemi yafiyarsu, wanda ba za ka iya kaiwa gare shi ba ka roƙa masa gafara da shiriya. In kai ne admin kana da ikon gogewa da cire mai ashar, nauyin yana wuyanka, in kuma ba kai ba ne ka yi nasiha an ƙi ji to ka fita, ka ci gaba da faɗin ra'ayinka a kan tsadar rayuwar da alƙawuran a shafinka da hujja da sunanka na gaskiya. Wallahu a'alam.