Me ya sa Google ke nuna ranar taron wasu, nawa kuma shiru?

Tambaya: Malam, ina da shafin intanet da nake sanar da tarurruka da laccoci. Idan na yi bincike a Google, sai in ga na wasu ya fito da rana da wurin taro ɓaro-ɓaro, nawa kuwa layi biyu ne kawai na rubutu. Kuɗi suke biya?

Amsa: Ko sisi ba sa biya. Abin da ya bambanta ku shi ne su sun yi wa bayanansu lakabi, kai ba ka yi ba.

Kai idan ka ga 12/05 a ƙarƙashin hoton mai lacca, nan take ka gane rana ce. Manhajar da Google ke aikowa ta karanta shafinka kuwa lambobi kawai take gani, sai ta koma hasashe: 12 ga Mayu ne, ko 5 ga Disamba kamar yadda Amurkawa ke rubutawa? Amma idan ka sa ranar cikin alamar time ta HTML, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, ka rubuta 2025-05-12 a bayan fage, hasashe ya ƙare. Haka alamomin nav da main da article da footer, waɗanda suka zo da HTML5: suna nuna wa injin bincike inda jerin mahaɗai yake da inda ainihin labari ya fara. Masu zuba komai cikin div, alamar da ba ta faɗin abin da ke cikinta, kamar mai tara kaya a buhuna ne ba rubutu a jiki. Makafi masu amfani da manhajar karanta allo ma da waɗannan alamomi suke gane hanya.

Abin da ka gani a shafukan can ya wuce wannan. A 2011 Google da Microsoft da Yahoo suka haɗa kai suka kafa Schema.org, daga baya Yandex ta shigo. Ƙamus ne na bai ɗaya na lakaban da injunan bincike ke ganewa. A ciki akwai nau'in Event, inda za ka cike name da startDate da location, wato sunan taro, lokacin farawa da wuri. Ana rubuta shi ta hanyoyi uku, Microdata da RDFa da JSON-LD, amma ni na ƙarshen nake ba da shawara, shi ma Google ya fi so, domin guntun rubutu ne da ke zaune gefe guda ba ya cakuɗa da tsarin shafi. Idan ka gama, saka adireshin shafin a Rich Results Test, shafin gwaji na Google, zai nuna maka abin da ka manta.

Tambaya: To idan na yi haka, shafina zai hau sama kenan?

Amsa: Kada ka sa rai. Lakabin yana ba ka damar fitowa da ƙarin bayani ne, shi ma ba tabbas. Kuma kada ka kuskura ka rubuta abin da babu shi a shafin, kamar taurarin yabo na bogi. Idan Google ya gano, zai iya janye maka wannan damar gaba ɗaya.