Vespar da mahaifina ya bari ta shekara 12 a ajiye: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar Vespa Super 150 da ya saya a 1975. Shekara 12 ke nan tana jingine a zaure, tayoyi sun sace, tsatsa ta hau ta. Ina da 'yan sifanoni a gida, ina so in gyara ta da hannuna. Wani ya ce in fara kai ta fenti, wani kuma ya ce in cire injin in ɗora na zamani. Me ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kafin ka kashe ko sisi, idan ba a raba gado ba, ka zauna da 'yan'uwanka a yi mata kuɗi yanzu da take a lalace, kowa ya san matsayinta. Ka kuma nemo takardunta.

Shawarwarin nan biyu, ka ajiye su gefe. Fenti shi ne aikin ƙarshe. Sauya inji kuwa, wallahi ba na so in ji shi. 1975 ita ce shekarar da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, suka shiga hannun ma'aikata, kuma da yawa daga cikin Vespocin da dattawanmu suka riƙa hawa zuwa ofis da masallacin Juma'a na wannan zamanin ne. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙera Vespa a 1946, kuma an tsara injinta ne haɗe da giya da tayar baya a dunƙule ɗaya. Duk wanda zai ɗora mata wani inji daban sai ya yanka bodi, bodin kuma shi ne ƙashin bayanta. Injin nata mai sauƙi ne, ba bawul, ba sarƙa, mai haƙuri zai iya tayar da shi a tsakar gida.

Kada ka taka kik tukuna. Na san hannu na ƙaiƙayi, amma ringin da ya shekara 12 a bushe, idan ka tilasta masa zai karye ya karce silinda. Cire fulogi, ka zuba bakin mai kamar cokali ɗaya ta ramin, ka bar shi kwana biyu ko uku. Sannan ka saka giya a firi, ka kama fankar maganeto da hannu ka juya a hankali. Idan ta juya, ka gode wa Allah. Idan ta cije, ƙara mai da ɗan kananzir ka ƙara jira. Kada ka saka ƙarfe tsakanin fukafukan fankar ka banƙara, suna ɓallewa.

Yayin da man ke jiƙa fistin, kwantar da ita a kan tsohuwar katifa ka leƙa ƙarƙashinta. A nan ne za ka san ko aikin zai yiwu a gida. Vespa ba ta da firam na bututu irin na sauran babura, farantin ƙarfe ne aka lanƙwasa aka haɗa, shi ke ɗauke da kai da injin gaba ɗaya. Ɗauki sukundireba ka riƙa dannawa a wurin ajiye ƙafa, da gindin birkin baya, da inda sitan yake ɗaure, da doron nan na tsakiya da kebura ke bi ta cikinsa. Tsatsar sama ba komai ba ce, burushin waya da sanfefa sun ishe ta. Amma idan sukundireba ta nutse, ko ka ji ƙarfen yana ɓarewa kamar busasshen ganye, to wannan aikin mai walda ne, a yanke ruɓaɓɓen a saka sabon faranti. Na taɓa ganin wadda aka cike ƙasanta da fila, abin nan da ake liƙe ramin bodi da shi, aka fesa fenti mai sheƙi, wata uku da fara hawa ta tsage daidai gindin birki. A cire tanki gaba ɗaya a kai shi nesa kafin wutar walda ta matso.

Sai hanyar mai. Tsohon fetur yana zama danƙo mai warin fenti. Zubar da shi, ka jefa 'yan notina a tankin tare da kananzir, ka girgiza sosai har dattin ya saki, ka ɗauraye. Sauya tiyon mai, ya riga ya ƙandare. Kafireton Dell'Orto ne, yana cikin akwati a saman injin. Kwance shi a kan farin tire, kana ɗaukar hoto da waya a kowane mataki, ka jiƙa jet ɗin, wato ƙananan notinan nan masu rami da mai ke bi ta ciki, ka hura musu iska. Kada ka zura allura a ramukansu: tagulla ce, da zarar ramin ya faɗaɗa ba za ka sake samun silo mai kyau ba, wato aikin inji a tsaye ba tare da totur ba. Wajen mayarwa, ka ɗaure notinan biyu da ke riƙe da kafireton kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, domin matsi da yawa yana lanƙwasa gindinsa.

Wuta ba ta da wuya. Wannan samfurin kwantak yake amfani da shi, wato 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa a bayan fanka don ba fulogi wuta, ba ya buƙatar batir kafin ya tashi. Goge bakin kwantak da sanfefa mai laushi, ka saita tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.5, ta sabon fulogi kuma 0.6. Jingina fulogin a jikin inji ka taka, kana neman wuta shuɗiya mai ƙara. Idan ja ce mai rauni, ka zargi kwandensa da wayoyin da rigarsu ta farfashe.

Abin da ya fi kashe tsofaffin Vespoci bayan doguwar ajiya shi ne sil biyu na roba da ke gefen karanshaf, kuma mutane kan tsallake su saboda ba a ganinsu. Injin nan yana matse cakuɗin mai da iska ne a cikin cikinsa kafin ya tura shi silinda, don haka dole cikin ya kasance a toshe ruf. Idan sil na ɓangaren fanka ya bushe, iska na kutsawa, sai ka ji injin yana hawa da kansa ko ka saki totur, yana zafi, ƙarshe fistin ya kama. Idan na ɓangaren kuloci ne, zai riƙa tsotsar man giya, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya yi ta jiƙewa, man giya kuma ka ji shi da warin fetur. A ganina, bayan shekara 12, kada ka jira alama. A raba injin a sauya su, tare da gaskit da boris ɗin da ke ƙara. Tunda an buɗe, a duba ƙarfen nan mai siffar gicciye da ke zaɓen giya, shi ne ke sa giya fita da kanta idan ya cinye. Ka sani zarensa na hagu ne, ta inda ake ɗaure sauran notina ta nan ake kwance shi. Idan ba ka taɓa raba inji ba, ka ɗauko tsohon bakaniken Vespa ya zo gida ka biya shi, ka zauna kusa da shi kana miƙa sifana.

Kayan gyara, da yawa daga na Bajaj suna shiga, domin kamfanin na Indiya ya taɓa ƙera Vespa da lasisin Piaggio. Amma ka riƙa tafiya kasuwa da tsohon a aljihu kana gwadawa, kuma kada ka yar da ko ɗaya na asali. Tayoyi, lamba 3.50-8, da tib, da takalman birki, da dukkan kebura, sababbi za ka saka ba tare da ciniki da ranka ba. Rim ɗin gida biyu ne, ka sace iska gaba ɗaya kafin ka kwance notinan da suka haɗa shi.

Ranar tayarwa, zuba man giya SAE 30, kimanin mililita 250, ta notin da aka rubuta OLIO a kansa, har ya fara dawowa. Fetur kuma a gauraya shi da man 2T, mililita 20 a kowace lita, da ma'auni, ba da ido ba. Tabbatar hular da ke rufe silinda tana wurinta, ita ke bi da iskar fanka ta kan injin, kuma a zafin watan Afrilu ba zai jure rashinta ba. Idan ka sa sabon ringi, ka yi 'yan ɗaruruwan kilomita a hankali, kana sauya gudu, kana duba fulogi: launin ƙasa-ƙasa kake so, fari na nufin mai ya yi kaɗan. Sai ta yi wata guda tana tashi da taku ɗaya ko biyu, ba ɗigon mai a ƙasa, sannan ka kwance ta ka kai fenti. Ka leƙa cikin akwatin gefe ko ƙarƙashin tanki, inda rana ba ta taɓa ba, za ka ga ainihin launin da Baba ya saye ta da shi.