Mu ashirin za mu haɗa kuɗi mu sayi dokin sukuwa: ya halatta mu raba abin da ya ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikaci ne a Samaru, ina zaune a Tudun Wada. Tun ina yaro nake son doki, amma albashina bai kai in ɗaure nawa ba. Mu ashirin muka yi shawarar kowa ya kawo naira dubu 150 mu sayi dokin Sudan, sannan duk wata mu riƙa ba da dubu 10 na abinci da ɗan barga. Wanda ya haɗa mu shi zai riƙe dokin a bargarsa, ya ce duk ranar da mutum ya so fita zai mayar masa da kuɗinsa cif. Za a riƙa kai shi sukuwa nan Zariya da Kano da Katsina, abin da ya ciwo a raba. A wuraren da muka bincika, kowane mai doki yana biyan kuɗin shiga, a haɗa da gudummawar manyan baƙi, a ba na ɗaya zuwa na uku. Wani ɗalibi a cikinmu ya ce Ibnu Taimiyya ya halatta haka. Kasona rance zan karɓa daga adashen maiɗakina, ko da yake ranta bai kwanta da abin ba. Akwai kuma abokina a Ingila da ya turo mini manhajar da ake sayen ɗan kaso a dawakin can. Mene ne hukuncin duka biyun?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kuɗin ba su bar hannunka ba. Son doki ba abin kunya ba ne ga Bazazzagi, kuma shari'a ba ta ƙi shi ba. Mutum ashirin su mallaki doki ɗaya halal ne, sukuwa halal ce, karɓar kyauta a kanta halal ne. Waɗannan ba a yi jayayya a kansu ba.

Inda hukunci ya juya yana cikin jimlar da ka wuce ta da sauri: kowane mai doki yana biyan kuɗin shiga, a haɗa, a ba wanda ya zo gaba. Ka ɗauka dawakai goma suka shiga, kowa ya ajiye dubu 50. Dokinku ya zo na ɗaya, kun kwashe kuɗin mutum tara ba ku sayar musu da komai ba. Ya zo na bakwai, wani ya kwashe naku. Kowannenku ya shiga fili yana tsakanin ya ci ko a ci shi, kuma wannan ita ce caca. Don wani babban baƙo ya ɗora miliyan guda a kai, hakan bai wanke dubu ɗari biyar ɗin da ke ƙasa ba.

In ka yi karatun Risala a zaure, ka wuce wannan mas'ala a ƙarshen littafin. Abin da Imamu Malik ya yarda da shi kala biyu ne. Ko dai kyautar ta fito daga wanda ba ya cikin tseren, kamar sarki ko gwamnati ko wani attajiri. Ko kuwa ɗaya daga cikin masu tseren ya fitar da ita, da sharaɗin ba za ta komo hannunsa ba: in wani ya riga shi ya ɗauka, in shi ya riga kowa sai ta tafi ga mai bi masa, ko ga waɗanda suka halarta in su biyu ne kawai. Shehu Halilu a Muhtasar ya faɗa ƙarara cewa in kowa ya fitar don wanda ya zo gaba ya kwashe, bai halatta ba ko da an sa muhallili. Sauran mazhabobi uku sun sassauta in akwai muhallilin, wato doki na uku da bai biya ko sisi ba, kuma tsaransu ne a gudu har ana tsoron ya cinye su. A filin da ka siffanta kowa biya yake yi. Ka ga ke nan mazhabobin nan huɗu duk sun haɗu a kan hana surar taku.

Sai maganar ɗalibin nan. Bai yi wa Shaihul Islam Ibnu Taimiyya ƙarya ba. Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, Allah ya jiƙansu, suna ganin masu tsere duka za su iya fitar da kuɗi ba tare da muhallili ba, kuma Ibnul Ƙayyim ya tsawaita kare wannan a littafinsa Alfurusiyya. Manyan malamai ne, ba a ture maganarsu da hannun hagu. Amma ni ban rinjayar da ita ba, kuma ko da na rinjayar, ba ta sauka a kanku.

Babbar hujjarsu ita ce hadisin muhallili bai inganta zuwa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Na yarda. Masana illolin hadisi da dama sun ce maganar Sa'idu ɗan Musayyib ce, kuma haka Malik ya kawo ta a Muwaɗɗa, daga bakin Sa'idu. To in hadisin ya faɗi, me ya faɗi tare da shi? Rangwamen muhallili ne ya faɗi. Haramcin caca yana nan daram a Suratul Ma'ida, ba da wannan hadisin ya tsayu ba. Raunin hadisin nan matsayin Malik yake ƙarfafawa, shi da bai karɓi muhallili ba tun farko.

Suka ce hadisin da ya ba da izinin kyauta a tseren raƙuma da dawakai da harbin kibiya bai bambanta wanda ya fitar da kuɗin ba. Gaskiya ne bai bambanta ba, domin ba wannan ya zo bayyanawa ba. Ya zo ya faɗi abubuwan da ake sa wa kyauta. Yadda ake sa ta kuwa, wannan yana komawa ga ƙa'idar cin dukiyar mutane, kamar yadda halaccin ciniki bai buɗe ƙofar riba ba.

Suka kawo ƙissar Sayyidina Abubakar da ya yi fare da Ƙuraishawa a kan Rumawa za su rinjayi Farisa cikin 'yan shekaru. An ƙulla wannan a Makka, ayar Ma'ida kuwa a Madina ta sauka, kuma a wata ruwayar Tirmizi an ambata cewa abin ya faru kafin a haramta fare. Ban da haka, Abubakar gaskiyar Alƙur'ani yake karewa a gaban masu ƙaryata shi, yana da yaƙinin ba zai faɗi ba. Wane yaƙini gare ku a kan dokin da ko ganinsa ba ku yi ba tukuna?

Abin da ya fi muhimmanci, wanda ɗalibin bai gaya muku ba, shi ne dalilin da su kansu malaman biyu suka gina fatawarsu a kai. Sun keɓe waɗannan wasanni daga caca ne saboda tanadi ne na jihadi da ɗaukaka addini: mutum ya ƙware a hawa, dokinsa ya ƙware a gudu, kuɗin su zama abin zaburarwa. Yanzu duba kanku. Mutum ashirin, ba wanda zai sa ƙafa a likkafa ranar sukuwa. Yaro za a ɗauko a biya ya hau, ku kuna bakin fili ko kuna ofis kuna jiran waya. Hannun jari kuka zuba kuna jiran rabo. Ba daidai ba ne a ɗauko fatawar malami a yar da dalilinta a riƙe sakamakonta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha a 2003, ta yanke cewa gasar da kuɗin shigarta, duka ko wani ɓangare, ke shiga cikin kyautar, nau'i ce ta caca. Ni wannan nake bi a nan.

Wannan bai rufe muku fili ba. Kafin ku kai doki ko'ina, ku tambayi masu shiryawa ina kuɗin shiga ke tafiya. In na hidima ne zalla, wato gyaran fili da alƙalai da likita da tsaro, gwargwadon abin da hidimar ke ci, kyautar kuma ɗungurungum daga masarauta ko gwamnati ko wani mai gudummawa da dukiyarsa halal ce, ku shiga, abin da dokin ya ciwo halal ne ku raba. In an ce duk asusu ɗaya ne, ku bar wannan sukuwar ta wuce. Ku ashirin ne, kuna da baki. Ku je wa shugabannin ƙungiyar masu dawakai da ladabi ku nemi a raba asusun biyu. Gyara ne mai sauƙi, kuma wanda aka yi ta dalilinsa yana da ladan duk wanda ya tsira.

Akwai ɓaraka ta biyu a yarjejeniyarku, alƙawarin mayar da kuɗi cif. Na san alheri mutumin ya nufa, amma sharaɗin ya ɓata tarayyar. Wanda aka lamunce wa uwar kuɗinsa kuma yana cin rabo, rance ya bayar yana karɓar amfani a kai. A soke shi. Mai son fita a yi wa dokin kuɗi a farashin ranar, a ba shi kasonsa, ko ya hau ko ya sauka. In dokin ya karye ko ciwon ciki ya kashe shi cikin dare, kuma hakan na faruwa da dawakai, asarar ta ku ashirin ce, kowa gwargwadon kasonsa. Mai bargar amintacce ne, ba ya biya sai in sakacinsa ya tabbata. A yanka masa ladan wata-wata sananne, kada a bar shi a kan "in an ci a ba ka wani abu".

Ku rubuta komai, da shaidu biyu. Me za a yi da wanda ya yi wata uku bai kawo kuɗin abinci ba? Wa ke da ikon cewa a sayar? In ɗayanku ya rasu, kasonsa gado ne, ku rubuta yadda za a sallami magada. Babu shufu'a a dabba, wato haƙƙin abokin tarayya na ya riga bare sayen kason ɗan'uwansa, don haka in kuna son mai fita ya fara yi muku tayi kafin ya sayar wa bare, sai kun sa a takarda. Har wanda zai hau shi ranar Hawan Sallah da Hawan Daushe ku tsara bi da bi tun yanzu, don na fi jin tsoron wannan ta raba ku fiye da kuɗi. Shi kansa dokin babu zakka a kansa sai in don sayarwa kuka saye shi.

Manhajar Ingila kuwa, ka bar ta. A can ana bambanta ƙungiyar da mambobinta suka mallaki kaso a jikin doki da kulob ɗin da mutum ke biyan kuɗin shekara ba tare da ya mallaki ko gashin wutsiya ba. Na biyun sayen tsammani ne kawai. Na farkon ma, duba inda kyautar ke fitowa. Tun 1961 doka ta kafa hukumar da ke karɓar haraji daga kamfanonin caca ta zuba a harkar sukuwa, daga 2017 harajin ya zama kashi 10 cikin ɗari na ribar da suke samu a kan tseren ƙasar, kuma babban ɓangarensa a kyaututtuka yake ƙarewa. Ga kuɗin shiga na masu dawakai a kai. Dokinka a can abin da ake buga caca a kansa ne, ladansa kuma daga aljihun waɗanda aka cinye yake. Za a nuna maka dokin nan Authentic da ya ci Kentucky Derby a Amurka a 2020, wanda dubban mutane ke da ɗan kaso a cikinsa ta irin wannan hanya. Ba za a nuna maka ɗimbin dawakan da ko kuɗin abincinsu ba su taɓa mayarwa ba. Kada kuma a kafa maka hujja da Dubai ko Riyad, can hukuma da masu ɗaukar nauyi ke sa kyautar, ba a buɗe rumfar caca a filin.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba. Ka ce ran maiɗakinka bai kwanta ba. Adashenta dukiyarta ce, ba ta halatta gare ka sai da daɗin ranta, kuma "to" ɗin da mace ta ce don kunyar miji ko gudun fushinsa ba daɗin rai ba ne. Ɗana, kada ka ci bashi don doki. Dubu 150 ɗin ma su ne masu sauƙi. Doki kullum sai ya ci dawa da dusa da harawa, ga kanwa, ga magani, ga kuɗin motar da za ta kai shi Katsina, kuma harawar da ka saya da kaka ba ita ce ta bazara ba a farashi. Dubu goman nan za ta ƙaru. Ka shiga da kuɗin da in sun tafi gaba ɗaya tukunyar gidanka ba za ta ji ba, ka ɗauke su kuɗin sha'awa da zumunci. In babu irinsu a hannunka bana, ka je ka taya su kilisa da yamma, ka jira baɗi.

In kun saya, ku ji tsoron Allah a kan dabbar da kuma yaron da zai hau ta. Kafin ku biya, ku sa likitan dabbobi ya duba ƙafafunsa da haƙoransa da numfashinsa, ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da wurin aikinka. Kada a ɗirka masa ƙwaya ko allura don ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa, wannan zalunci ne ga dokin, ha'inci ne ga abokan tsere. Kada a sa shi a fili yana ɗingishi don an riga an biya kuɗin shiga. Kada ku ɗora ƙaramin yaro don ba shi da nauyi. A sami baligi, da hular kwano, kuma ku amince tun yanzu cewa in ya faɗi maganinsa a wuyanku yake. Ban da kai doki wurin boka. Faren da 'yan kallo ke ƙullawa a gefen fili kuwa haramun ne a wurin kowa, har da Ibnu Taimiyya. Ku sa a takardarku cewa duk wanda aka kama yana yinsa a kan dokinku za a yi wa kasonsa kuɗi a sallame shi. Allah ne mafi sani.