Olaf Stapledon: Masanin Falsafar da ya Zuba Tunaninsa cikin Labaran Taurari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. Wani malaminmu yana bayanin yadda za a iya kewaye rana da na'urori a tatsi haskenta gaba ɗaya, sai ya ce a littafin labari na wani Olaf Stapledon aka fara kawo wannan tunani. Na sauke littafin a wayata, amma abokina ya ce mutumin masanin falsafa ne da ba ruwansa da addini, in rabu da shi. Wane ne shi, me ke cikin littattafansa, kuma ya dace in karanta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminka ya faɗi gaskiya, abokinka ma bai yi ƙarya ba.

An haifi Stapledon a 1886 kusa da Libaful a Ingila, ya yi yarintarsa ta farko a Bur Sa'id ta Masar inda mahaifinsa ke harkar jiragen ruwa. A yaƙin duniya na farko bai ɗauki bindiga ba, motar ɗaukar masu rauni ya tuƙa a Faransa. Ya sami digirin dakta a falsafa a 1925, ya fitar da littafi kan ɗabi'a a 1929 inda ya nemi kafa ma'aunin kyau da muni a kan hankali kaɗai, ba tare da wahayi ba. Bai ce babu Ubangiji ba, cewa ya yi bai sani ba. Ya rasu a 1950.

Wancan littafin falsafar bai yi nisa ba. Da ya juya ga ƙagaggen labari sai duniya ta ji shi. A 1930 ya fitar da Last and First Men, tarihin ɗan Adam na shekara biliyan 2 masu zuwa, jinsi 18 na mutane, wani na gadon wani. Duniya ta gagare su zama, suka koma Zara matar wata, daga can suka ƙarasa duniyar Naftun. Babu jarumi, babu soyayyar saurayi da budurwa. Al'umma sukutum ce ke tashi ta faɗi a shafi biyu. Idan ka taɓa karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda yaro ke yawo sararin samaniya, to kada ka zaci irin wannan daɗin labari za ka tarar. Wannan ya fi kama da littafin tarihi.

Wanda ke wayarka shi ne Star Maker na 1937, wato Maƙerin Taurari, kuma a nan maganar take. Wani mutum ya fita da dare bayan saɓani da matarsa, ya hau tudu, sai hankalinsa ya bar jikinsa ya shiga yawon duniyoyi. Ya ga halittu iri-iri, kowacce da yaƙe-yaƙenta da addinanta da zaluncin masu hali a kan talakawa. A hanya ne ya ga taurarin da aka lulluɓe da tarkon haske, tunanin da masanin lissafi Freeman Dyson ya rubuta a kansa a 1960, kuma da bakinsa ya ce daga Stapledon ya samo. Ka tuna shekarar da aka rubuta Star Maker: Hitila na kan mulki, Turai na shirin sake ƙonewa. Mutumin da ya kwashi masu rauni a yaƙin farko yana ganin na biyu tafe, yana tambayar me wahalar nan take nufi.

Amsar da ya bayar ita ce inda ni da shi muka raba hanya. A ƙarshen littafin, hankalin halittu duka ya haɗu wuri guda ya fuskanci wanda ya ƙera su, yana fatan samun ƙauna. Abin da ya tarar kamar mai ginin tukwane ne: ya gina, ya juya ta ya duba aibinta, ya ajiye, ya ɗauko sabon yumɓu. Yana koyo daga kurakuransa, kukan tukunyar kuwa bai dame shi ba. Ba sai na gaya maka ba, wannan ya yi hannun riga da aƙidarmu ta fuska biyu. Wanda muke bauta wa ba ya gwaji don ya koya, iliminsa cikakke ne tun fil azal, kuma da sunan rahama muke buɗe kowace sura in ban da ɗaya. Ba Musulmi kaɗai abin ya sosa ba. Marubucin Kirista C. S. Lewis ya ƙi wannan tunani ƙwarai, har labaransa na sararin samaniya da ya fara fitarwa a 1938 sun zama kamar martani gare shi. Adalci kuma a faɗa: Stapledon da kansa ya kira wannan sashe tatsuniya, bai ce ya ga gaibu ba.

To ka karanta? Ni na ce ka karanta, amma ka san abin da ka riƙe. Haɗarin irin wannan littafi ba a hujjarsa yake ba, domin bai kawo hujja ba. Hoto yake zana maka, hoto kuwa yana shiga zuciya ba sallama. Masanin falsafa idan ya rubuta maƙala dole ya jera dalilansa ka auna su ɗaya bayan ɗaya, amma idan ya sa su a bakin mai ba da labari sai ka haɗiye ba ka tauna ba. Saboda haka duk inda ka ji jikinka ya yi sanyi, tsaya ka tambayi kanka: me ya tabbatar a nan, me kuma ya ƙaga? Imamu Gazali sai da ya rubuta Maƙasidul Falasifa ya bayyana ra'ayin masu falsafa dalla-dalla kafin ya rubuta Tahafut ya rushe abin da ya ga ɓata ne. Kai ma da kake ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, ba baƙon karatu mai zurfi ba ne. Sai dai idan ka san karatunka na tauhidi bai zauna ba, fara da wannan tukuna, littafin ba zai gudu ba.

Idan ka tashi, fara da Last and First Men, domin ya fi sauƙin hawa. Babobin farko, inda yake hasashen siyasar ƙarni na 20, sun tsufa kuma yawancinsu bai ci ba, kada su sa ka ajiye shi. Turancinsa na da nauyi, ka ajiye ƙamus kusa. Babobin ƙarshe na Star Maker kuwa kada ka karanta su kai kaɗai da tsakar dare. Ku zauna da abokin nan naka, in da hali da wani malami da ya san ilimin aƙida, ku bi su sakin layi bayan sakin layi.