Na goge log amma faifan yana nan a cike

Ka ce ka goge access.log mai gigabait 20, wato fayil ɗin log da Nginx (manhajar sabar yanar gizo) ke rubuta duk ziyara a ciki, a Ubuntu, amma df -h (umarnin duba cikar faifai) yana nuna 100% har yanzu, du (umarnin auna girman fayiloli) kuma bai ga abin da ya cinye wurin ba.

Faifanka lafiyarsa ƙalau, ɗan'uwa. A Linux, sunan fayil kawai rm, umarnin gogewa, yake cirewa. Muddin wata manhaja tana riƙe da fayil ɗin a buɗe, bayanansa suna nan daram a faifai. Shi kuwa du sunaye yake bi yana lissafi, shi ya sa ya tsallake shi.

Buga sudo lsof +L1, za ka ga fayil ɗin tare da PID (lambar manhajar da ke riƙe da shi) da lambar FD (lambar da manhajar ta buɗe fayil ɗin da ita). Daga nan sai sudo nginx -s reopen, ya saki tsohon ya buɗe sabo, wurin ya dawo nan take. In manhajar ba ta da irin wannan umarni, kuma tsayar da ita ba zai yiwu ba, yi sudo truncate -s 0 /proc/PID/fd/lambar, ka sa PID da lambar FD ɗin da ka gani a gurbinsu, ya mayar da girman fayil ɗin sifili. Amma don Allah kada ka yi wa fayil ɗin MySQL (manhajar rumbun bayanai) haka, bayanai za su salwanta.

Log bai kamata ya kai wannan girman ba tun farko. Manhajar logrotate ce ke juya log, wato ta ajiye tsohon ta fara sabo. Duba /etc/logrotate.d/nginx, ka gwada shi da sudo logrotate -d /etc/logrotate.conf, zai nuna maka inda juyawar ta maƙale ba tare da ya taɓa komai ba.