Na tsinci tiramadol a aljihun ɗana, ina zan kai shi?

Hajiya, kin ce ɗanki mai shekara 15 ne, kuma kin tsinci ƙwayar a aljihun wandonsa wajen wanki. Ki kai shi ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarku a Agege cikin makon nan, tun abin bai kama jiki ba. Likita zai tambaye shi me yake sha, sau nawa, da su wa. Ki fita ki ba su wuri, yaro ba ya buɗe ciki a gaban uwa. Don Allah kada a dake shi, duka ɓoyewa yake koya masa. Tiramadol da yawa yana jawo farfaɗiya. Idan abin ya yi nisa, za a tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba.