Amsa kan 'yancin ɓallewa a tarayyar da kake ƙagawa

Malam, ka tambaya ko ya dace kowace jamhuriya a ƙasar tarayyar da kake ƙagawa ta samu 'yancin ɓallewa. A ganina, rubuta wannan 'yanci a tsarin mulki bai kai sanin mai riƙe da soja muhimmanci ba. Tarayyar Sobiyat ta amince da 'yancin ɓallewa ga jamhuriyoyinta 15, amma jam'iyyar kwaminis ce ta ɗaure su, kuma da ta yi rauni, kowa ya kama gabansa a 1991. Yugoslabiya ta fi dacewa da nazarinka, domin iyakokin jamhuriyoyinta shida ba su bi mazaunin ƙabilu ba, shi ya sa Bosniya, ɗaya daga cikinsu, ta faɗa yaƙi a 1992. Ka fara tsara makomar 'yan tsiraru a kowace jamhuriya tukuna.